Me ya haɗa though, through, thought da tough, kuma me ya raba su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a firamare, aji biyar nake ɗauka. Ɗalibaina suna rikicewa da kalmomin da ke ɗauke da haruffan o-u-g-h, irin su *though*, *through*, *thought*, *tough* da *cough*. Ni kaina wani lokaci sai na ɗan tsaya kafin in furta. Shin akwai wata ma'ana da ta haɗa su, tunda haruffansu ɗaya ne? Akwai ƙa'idar furta su da zan koya wa yara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba ki ladan koyarwa, ya sa yaran su amfana.

Bari in ba ki amsar a dunƙule kafin in warware ta. Babu wata ma'ana da ta haɗa kalmomin nan. A cikin haruffa huɗun da kike gani, *gh* saura ne na wani sauti da Turawan Ingila suka daina furtawa tun wajen ƙarni na 17, suka bar haruffansa a takarda. Ƙa'ida guda da za ta rufe dukkansu kuwa babu ita, kuma duk wanda ya ce miki akwai, ki miƙa masa alli ki ce ya karanta *cough* da *dough* a jere. Sai dai abin bai kai tsoron da ake ba yara ba. Waɗanda ake amfani da su yau da kullum ba su kai talatin ba, kuma suna da dangi-dangi. In aka gane dangin, rabin wahalar ta tafi.

Mu fara da sautin da ya ɓace. Ki tuna harafin خ na Larabci, wanda malaman Islamiyya ke fama da yara a kan su fito da shi daga maƙogwaro. Tsohon Turanci yana da sauti mai kama da shi ƙwarai. A da can ana rubuta shi da *h*. Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, salon rubutu ya sauya, aka jima ana rubuta sautin da wani harafi mai kama da lamba 3, daga baya marubuta suka tsaya a kan *gh*. Saboda haka a zamanin mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, in mutumin Landan zai ce *thought* sai an ji wannan kartar maƙogwaro kafin *t* ɗin ƙarshe, haka ma a *night* da *daughter* da *laugh*. Haruffan suna aikinsu a lokacin, ba ado ba ne.

Shaidar wannan tana nan a bakin 'yan'uwan Turanci. Jamusanci da Turanci tsatsonsu ɗaya, kuma Jamusawa ba su yar da sautin ba, suna rubuta shi da *ch*. Inda Bature ke rubuta *thought*, *brought*, *sought*, Bajamushe yana cewa *dachte*, *brachte*, *suchte*. *Daughter* a wurinsa *Tochter* ce, *night* kuma *Nacht*, *through* kuma *durch*, *though* kuma *doch*. A Sukotland ma, a cikin Birtaniyar kanta, har gobe masu tsohon karin harshensu suna cewa *nicht* da *dochter*, kuma tafki a wurinsu *loch* ne, da kartar maƙogwaron yadda take.

Mu Hausawa abin bai kamata ya zame mana baƙo ba, domin mun yi wa خ ɗin Larabci irin wannan. Ranar Alhamis da kalmar alheri duk da خ suka zo mana, muka sassauta shi ya koma *h*. A kalmar labari kuwa muka haɗiye shi gaba ɗaya. Turawa ma hanya biyu suka bi. A wasu kalmomi sautin ya koma *f*, a wasu ya ɓace ɓat. Abin da ya bambanta mu da su shi ne rubutun bokonmu sabo ne, an tsara ƙa'idojinsa ne a ƙarni na 20, ya tarar da furucin ya riga ya zauna, sai ya bi baki. Nasu rubutun ya daskare ne daidai lokacin da bakin yake tsakiyar sauyawa.

Yadda aka yi shi ne, William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a Westminster a 1476. Daga nan littattafai suka fara yawa, masu ɗab'i suka fara tsayawa a kan rubutu guda ga kowace kalma. A daidai wannan zamani, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan Turanci suna ta ƙaura: abin da ake furtawa "hus" ya koma "haus", abin da ake furtawa "tim" da doguwar *i* ya koma "taim". Lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, rubutun ya riga ya kafu a kan furucin kakannin kakanni. Ga kuma wata matsalar: tun asali wasulan da ke gaban *gh* ba iri ɗaya ba ne. Marubutan da suka koyi salon Faransa suna amfani da *ou* su rubuta doguwar *u*, suna kuma amfani da shi su rubuta wani sautin mai kama da "ou". Wasula daban-daban a ƙarƙashin rubutu ɗaya, sannan *gh* ya rabu gida biyu, sannan kowane wasali ya yi tasa ƙaurar. Abin da ya haifi abin da ke ba ɗalibanki ciwon kai ke nan.

To, mu shiga dangin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowanne girma kuma ya fi biyayya shi ne mai ƙarewa da *t*. Nan kusan akwai ƙa'ida: in kika ga *ought*, ki furta "ot" da doguwar *o*. Yawancinsu kuma aikatau ne da ke nuna abin da ya wuce. *Bought* daga *buy*, ya saya. *Brought* daga *bring*, ya kawo. *Fought* daga *fight*, ya yi faɗa ko yaƙi. *Sought* daga *seek*, ya nema. *Thought* daga *think*, ya yi tunani ko ya yi zato, kuma tana zuwa a matsayin suna, wato tunanin kansa. Wurin da yara ke zamewa shi ne tsakanin *bought* da *brought*, harafi ɗaya ya raba saye da kawowa. Ki nuna musu cewa *r* ɗin *bring* ne ya biyo *brought*. *Buy* ba ta da *r*, don haka *bought* ma ba ta da shi. Da zarar sun ga wannan, da wuya su sake.

Akwai uku a wannan dangi da tarihinsu ke da daɗin ji. *Ought*, wadda muke fassarawa da "ya kamata", asalinta ita ce siffar da ta wuce ta *owe*, wato a bi mutum bashi. Abin da ya kamace ka tamkar bashi ne a wuyanka, daga nan ma'anar ta taso. *Wrought* tsohuwar siffar *work* ce kafin *worked* ta ture ta. Yanzu ba a cika jin ta ba sai a *wrought iron*, baƙin ƙarfen da aka sarrafa da guduma irin na ƙyauren gidajen da, ko a jarida in ana bayanin ɓarnar ambaliya a ce *wrought havoc*. *Nought* kuwa sifili ce a bakin mutanen Birtaniya, asalinta "ba komai", kuma daga gare ta aka gutsuro *not* ɗin da muke korewa da ita kullum.

Dangin nan yana da maƙwabta masu *augh*: *taught* daga *teach*, *caught* daga *catch*, da *daughter*. Furucinsu ɗaya da su *bought*. Amma *laugh* da *laughter* da *draught* sun bi hanyar *f*. Ki rubuta *laughter* a allo, ki sa *s* a gabanta ta koma *slaughter*, yanka: dariyar tana da *f*, yankan ba shi da shi. Yara suna son wannan. Masu karya ƙa'idar *ought* biyu ne kawai da za ki damu da su, *drought* da *doughty*, ana furta su "draut" da "dauti". Ta biyun tsohuwar kalma ce mai nufin jarumi, ba za ta zo wa 'yan aji biyar ba.

Yanzu ga ukun da suka fi cin mutane a rubutu, manya da yara: *though*, *through* da *thorough*.

*Though* tana amsa amo da *go*. Ma'anarta "ko da yake" ko "duk da cewa": *Though he was tired, he came*, duk da ya gaji, ya zo. *Although* 'yar'uwarta ce, ta ɗan fi ta shiga rubutun hukuma. Akwai wani aiki da *though* ke yi wanda *although* ba ta yi, shi ne zama a ƙarshen magana da ma'anar "amma fa": *It is expensive, though*, amma fa da tsada. *Even though* ƙarfafawa ce, *as though* kuma "kamar dai". Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibanmu shi ne haɗa *though* da *but* a jimla guda. Laifin kuwa na fassara ne, domin a Hausa daidai ne a ce "ko da yake ya gaji, amma ya zo". Turanci bai yarda da duka biyun ba, sai an zaɓi ɗaya. Wannan ya fi furucin muhimmanci a wurina, saboda shi ne mai cin maki a rubutun insha'i.

*Through* tana amsa amo da *too*, kuma furucinta ɗaya da *threw*, ya jefa. Ma'anarta ratsawa, a shiga ta nan a fita ta can: *through the door*, ta ƙofa. Daga nan ta miƙe zuwa "ta hanyar" wani, *through my uncle*, ta hannun kawuna, da kuma gamawa, *I am through*, na gama. *Throughout* kuma ko'ina, ko tsawon lokaci gaba ɗaya. *Breakthrough* ita ce nasarar da aka samu bayan an daɗe ana bugawa, kamar a binciken magani.

*Thorough* gaɓa biyu ce, Baturen Ingila yana cewa wani abu kamar "thara", Ba'amurke kuma "tharo". Ma'anarta aikin da aka yi ciki da bai, ba a bar lungu ba: *a thorough investigation*, binciken ƙwaƙƙwafi. A nan ne kaɗai zan ɗan sassauta maganata ta farko, domin *through* da *thorough* kalma ɗaya ce a asali, ɗaya gajeriyar siffa ɗaya doguwa. Aikin da ya zama *thorough* shi ne wanda ya ratsa abu daga farko har ƙarshe. Tsohuwar ma'anar tana nan a *thoroughfare*, babbar hanyar da ke ratsa gari, wadda ba ta da alaƙa da ƙwaƙƙwafi ko kaɗan. Kina iya ganin allon *No thoroughfare* a bakin wata hanya, ma'ana ba a ratsawa ta nan.

Ga wata dabara ta allo. Ki rubuta *tough*. Ki cusa *h* bayan *t*, ta zama *though*. Ki cusa *r* bayan *h*, ta zama *through*. Ki cusa *o* kafin *r*, ta zama *thorough*. Ki koma kan *though* ki ƙara *t* a ƙarshe, ga *thought*. Ki koma kan *tough* ki cusa *r*, ga *trough*. Kalmomi shida, furuci shida, kowace harafi guda ya raba ta da ta kusa da ita. In yaro ya ga ana gina su a gabansa da alli mai launi, idonsa zai koyi neman wannan harafi gudan maimakon ya kalli jelar *ough* ya yi cinta.

Dangin *f* ba shi da yawa. Uku suna amsa amo da *stuff*: *tough*, mai tauri ko mai wuya, kamar naman tsohuwar kaza ko jarrabawa, *rough*, mai kaushi, ko hanya mai gargada, ko ƙiyasin da ba a tace ba, da *enough*, isasshe. Biyu kuma suna amsa amo da *off*: *cough*, tari, da *trough*, kwamin da ake zuba wa dabbobi ruwa ko dusa. Cewa sa'a ce kawai ta raba masu *f* da marasa shi yana da hujja. *Enough* tana da tagwaiyarta *enow* a tsohon rubutu, mara *f*. *Dough* tana da tagwaiyarta *duff* a arewacin Ingila, sunan wani abinci na fulawa. A wasu yankuna an yi zamanin da ake cewa "thof" a madadin *though*. Karin Landan ne ya zaɓi wannan ya bar wancan, makarantu suka bi shi. A kalmar *dwarf*, wada, sautin ya koma *f* kuma rubutun ya bi shi, shi ya sa ba ta damun kowa.

Sai masu amsa amo da *cow*. *Bough* babban reshen itace ne, furucinta ɗaya da *bow* mai nufin rusunawa. *Plough* garma ce irin ta shanu ko ta tarakta, da kuma yin huɗa da ita. *Drought* fari ne, rashin ruwan sama, kuma 'yar gidan su *dry* ce. Kafin mu yi wa Turawa dariya, ki duba kalmar fari ɗin nan tamu: launi ne, ko rashin ruwa, ko ɗan fari, ko jam'in fara? Haruffa huɗu ne su ma, kuma ba ma rubuta karin sauti ko tsawon wasali, jimla ce ke gaya mana wadda ake nufi. Bahaushe ba ya tuntuɓe a kanta saboda ya san kalmomin tun kafin ya iya karatu. Ɗan Ingila ma haka yake da *ough*. Ɗalibanki su suna haɗuwa da rubutun ne kafin su taɓa jin kalmar, shi ya sa nasu ya fi wuya.

A kula kada a haɗa *drought* da *draught*. Ta biyun ana furta ta "draft", tana nufin iskar da ke kurɗowa ta kafar ƙofa, kuma *draughts* shi ne wasan nan na allo mai gida-gida da ake bugawa a bakin titi, wanda mutanenmu ke kira draf.

Masu amsa amo da *go*, bayan *though*, akwai *dough*, kwaɓaɓɓiyar fulawa kafin a gasa, wadda ta ba mu *doughnut*. A bakin 'yan Amurka kuma tana nufin kuɗi in ana raha. Sai *furlough*, wadda ba ta ma taɓa samun sautin maƙogwaron ba. Daga Holanci aka aro ta, *verlof*, izinin tafiya hutu ga soja, aka yi mata rubutun *ough* don ta yi kama da na gida. Ta yi tashe a 2020 lokacin korona, da gwamnatin Birtaniya ta riƙa biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka ce su zauna a gida. Irin wannan kwalliyar aro ce aka yi wa *hiccough*, shaƙuwa. Kalmar *hiccup* ce tun farko, wasu suka zaci tana da dangantaka da tari suka liƙa mata *cough*, amma furucin bai motsa ba, "hikap" ne. *Slough* kuwa kalma biyu ce a riga ɗaya: in an ce "slaf", saɓar maciji ce ko zubar da matacciyar fata; in an ce "slau", wuri ne mai taɓo da caɓi.

Sunayen garuruwa da na mutane sun fi kowane rashin tabbas, kuma masu kallon ƙwallon Ingila sun riga mu jin su. *Borough* gunduma ce mai majalisarta, ana furta ta "bara". Landan tana da 32, New York tana da biyar. Asalinta gari mai ganuwa, ita ce *burg* ɗin da ke Hamburg, ita ce kuma *burgh* ɗin Edinburgh da ake furtawa "Edinbara". Peterborough da Scarborough duk "bara" suke ƙarewa. Middlesbrough ta yar da *o* guda a rubutu, ana cewa "Midilzbra". Loughborough, garin da ke da jami'ar da ta yi suna a harkar wasanni, ya haɗa furuci biyu a suna guda, "Lafbara". Garin Slough da ke yamma da Landan "Slau" ne. Brian Clough, kocin da ya ci wa Nottingham Forest kofin Turai a 1979 da 1980, "Klaf" ne. A Ireland kuma tafki *lough* ne, ana furta shi kamar *loch* na Sukotland, misali Lough Neagh. A kan suna dai, a saurari masu shi.

Kada ki ɗauka Turawan ba su gaji da abin ba. Noah Webster, wanda babban ƙamusunsa ya fito a Amurka a 1828, ya goyi bayan sauƙaƙa rubutu, kuma a yau Amurkawa *plow* da *draft* suke rubutawa. A 1906 attajirin nan Andrew Carnegie ya zuba kuɗi aka kafa wata hukuma ta sauƙaƙa rubutun Turanci, ta fitar da jerin kalmomi 300, ciki har da *tho*, *altho*, *thru* da *thoro*. A watan Agusta na shekarar Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta bi jerin. Jaridu suka yi masa ca da ba'a, majalisar wakilai ta ƙi amincewa a watan Disamba, ya janye. Jaridar Chicago Tribune ta riƙe *tho* da *thru* shekara da shekaru, ita ma ta haƙura a 1975. Abin da ya tsira shi ne *thru* a allunan hanya da wuraren sayar da abinci, da *donut*, da saƙonnin waya. Ki gaya wa yara cewa *tho* da *thru* na hira ne a WhatsApp, mai duba takardar jarrabawa jan biro zai sa musu.

Tambayarki ta ko haruffa ɗaya na nuna ma'ana ɗaya tana da wurin da amsarta take "e", kuma ya kamata yara su san bambancin. Turanci ya aro saiwoyi da yawa daga Latin da Girkanci, su kuwa suna tafe da ma'anarsu. *Port* daga kalmar Latin mai nufin ɗauka: *import* shigo da kaya, *export* fitar da su, *transport* sufuri, *portable* abin da ake iya ɗauka, *porter* ɗan dako, *deport* a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu. *Spect* kallo ne: *inspect*, *spectator*, *spectacles*. A irin waɗannan, yaron da ya san saiwar zai iya cintar ma'anar sabuwar kalma ya dace. *Ough* ba ta cikin wannan sahu, kamar yadda *ear* ɗin da ke *hear*, *bear*, *heart* da *learn* ba ta ciki. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a cire haruffan a ga abin da ya rage. In an cire *port* daga *export*, *ex* ya rage, shi ma mai ma'ana ne, waje. In an cire *ough* daga *cough*, *c* kaɗai ya rage.

Game da aji, shawarata ita ce kada ki tara su duka a darasi guda da sunan "kalmomin *ough*". Littattafai da yawa haka suke yi, kuma a ganina shi ke haifar da rikicin, domin an jera wa yaro abubuwa takwas masu kama da juna a rana ɗaya. Ki koyar da kowace tare da abokiyar amonta mai sauƙin rubutu: *though* da *go*, *through* da *blue*, *tough* da *stuff*, *cough* da *off*, *plough* da *cow*. Dangin *ought* ki kawo su a darasin aikatau, kowace da uwarta, *buy* da *bought*, *think* da *thought*. Kunne ya riga ido: su ji kalmar a jimla, su faɗe ta, su san ma'anarta, sannan ki rubuta. Sai bayan makonni, in kowace ta zauna, ki kawo dabarar allon nan ta *tough* zuwa *thorough* a matsayin wasa.

Akwai kuma abin da ya shafi bakinmu. Sau da yawa matsalar ba a *ough* take ba, a *th* take. Mu 'yan Arewa mukan mayar da shi *s* ko *z*, sai *thought* ta koma *sought*, *though* kuma ta fito kamar muna ce wa mutum "zo". 'Yan kudu sukan mayar da shi *t* ko *d*, tasu *thought* ta koma *taught*. Maganin yana hannun yaranki tuni in suna zuwa Islamiyya: *th* na *thought*, *through* da *thorough* shi ne ث, na *though* da *although* kuma ذ. Ki ce su sa kan harshe tsakanin haƙora kamar yadda malamin tajwidi ya koya musu, za ki ga abin mamaki. Haka *f* ɗin *cough* da *enough*: namu na Hausa da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yake zamewa ya koma *p*, *cough* ta zama *cop*, tari ya koma ɗan sanda. Na Turanci haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ƙaramin madubi a aji yana maganin wannan cikin mintuna.

Wahalar ba za ta tafi a banza ba, domin a takardar furuci ta jarrabawar WAEC da NECO ana tambayar kalmomin da ke amsa amo ɗaya, kuma irin waɗannan ne masu shirya tambaya ke so. Furucin Ingila ake bi a can, inda ba a furta *r* bayan wasali, don haka *caught* da *court* furucinsu ɗaya, haka *sought* da *sort*, da *fought* da *fort*. Ɗalibin da ya dogara da ido zai zaɓi *though* a matsayin abokiyar amon *tough*, alhali *cuff* ce amsar.

Ga jimla da za ki iya yi musu shifta da ita a ƙarshen zango: *Although the road was rough, she thought she had brought enough dough to last through the drought.* Duk yaron da ya rubuta ta daidai ya kuma karanta ta daidai, ya gama da abin da ake bukata a firamare. *Slough*, *furlough*, *lough* da *doughty* ki bar su sai sun shiga sakandare. Shaƙuwa kuwa ki koya musu *hiccup* kawai, ita ce ma aka fi rubutawa yanzu har a Ingilar.